Inda Allura Take Maƙalewa

Ranar da Ikrima ya fara ganin Fadila, kwando ya fara gani kafin ya ga fuskarta. Ƙaton kwandon wanki ne ta ɗauko a ka, an lulluɓe shi da tsohon zane, ta tsaya da shi a bakin shagonsa na gyaran rediyo a kasuwar Daura, tana waige-waige kamar wadda ta sato kaza.

"Malama, mai wanki yana can gaba," in ji shi, bai ko ajiye ƙarfen dalmar da ke hannunsa ba.

"Na san inda mai wanki yake. Kai ne Ikrima mai gyara?"

Sai a lokacin ya ɗaga kai. Doguwa ce, baƙa, cikin hijabi ruwan toka, da idanu masu nuna gajiya. Ya daɗe yana kallonta fiye da yadda tarbiyya ta yarda, har dalma ta ɗiga masa a yatsa. Ya cije, ya miƙe ya taya ta sauke kaya.

Ƙarƙashin tsummokaran, garmaho ne a cikin akwatinsa na katako, da ƙananan lasifika guda biyu, da faifai ɗaya tal a cikin jakarsa ta kwali. Gara ta cinye saman kwalin, ta tafi da sunan mawaƙan. Abin da ya rage shi ne hoton wasu samarin Turawa huɗu masu dogon gashi, zaune cikin kwalekwale a tsakiyar gonar furanni, sararin sama kuma shunayya da ruwan lemo.

"Na Babana ne," in ji ta. "Ya daina juyawa. Kuma don Allah kada kowa ya gani."

Bai tambaye ta dalili ba. Shekara biyar ke nan da ƙaddamar da shari'a a jihar. Ba wanda ya bi gida-gida yana binciken rediyo, amma kiɗa ya zama abin da mutumin kirki ba ya son a gan shi da shi. Shi kansa Ikrima da kaset ɗin wa'azi yake gwada rediyon mutane. Ya tura kwandon ƙarƙashin tebur, ya ce ta dawo jibi.

Gyaran bai ɗauke shi awa ɗaya ba, bel ɗin da ke juya faifan ne ya tsinke. Abin da ya cinye masa kwana biyu daban ne. Da ya ɗora faifan ya rage murya, sai ya ji jita ta fara a lasifikar hagu, ta sulale ta koma ta dama, ganga kuma ta bi ta a baya. Ya kwance wayoyin, ya sake ɗaurewa. Ya canza dalma. Ya kwance karo na biyu. Jitar nan ba ta fasa yawonta ba.

Da Fadila ta dawo, ya tarbe ta da fuskar wanda ya faɗi jarrabawa.

"Yana juyawa, amma akwai matsala. Sautin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sau biyu ina kwance shi."

Ta dube shi, ta dubi lasifikar, sai dariya ta kufce mata. Ta toshe baki da gefen hijabi, kafaɗunta suna rawa. Ita kanta ta manta rabon da ta yi dariya.

"Injiniya, haka suka yi shi. Da gangan ne."

"Da gangan mutum zai ɓata aikinsa?"

"Juya gefe na biyu. Sa ta huɗu."

Ya sa. Ta tsaya a bakin ƙofa, shi yana ciki, muryar garmahon ƙasa-ƙasa yadda ba za ta kai shagon maƙwabci ba. Waƙar ta fara da sarewa ita kaɗai, sai wani kiɗa mai kama da jita amma yana tafiya da baya, kowane sauti yana kumbura kafin ya yanke. Sannan murya ta shigo, siririya, ba ta gaggawa. Ikrima ba ya jin Turancin waƙa, amma ya ji gashin hannunsa ya miƙe.

"Me yake cewa?"

"Wani mutum ne a ɗakin bene, yana kallon ruwan sama ta taga. Kullum yana cewa gobe zai buɗe ƙofa ya fita. Baba Waƙar Taga yake ce mata."

Suna cikin haka allurar ta maƙale. Sauti uku na jita, sai ta koma baya. Uku, ta koma. Fadila ba ta ko duba ba, ta miƙa hannu ta zunguri hannun allurar da ɗan yatsa ɗaya. Nan take waƙar ta buɗe: ganguna, ogan mai kama da fiyano, muryoyi huɗu gaba ɗaya, daga hagu da dama, kamar an yaye rufin shagon.

"Haka Baba yake yi," ta ce a hankali.

Ikrima ya ji daɗin waƙar har cikin ƙirjinsa, amma maƙalewar nan ta tsaya masa a rai. Shi mai gyara ne. Abu ya fita daga shagonsa yana tuntuɓe, wannan abin kunya ne a wurinsa.

A tsaye a nan ta ba shi labari. Babanta, Malam Sama'ila, tsohon malamin dabbobi ne. Yana saurayi aka tura shi kwas Ingila, ya yi shekara biyu cikin sanyi da kewar gida. A can ya tsinci faifan a kwandon kayan da suka yi kwantai. Ya ce mawaƙan ba su yi suna ba, faifai ɗaya suka yi suka watse, ko 'yan ajinsu Turawa ba su san su ba. Shi kuwa ya ce bai taɓa jin wanda ya fi shi ba, ya riƙe shi shekara talatin da biyar. Shekara biyu da suka wuce garmahon ya tsaya, bayan wata ɗaya shi ma ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Tun daga ranar bai yi magana ba. Likita ya ce hannun hagunsa lafiya lau yake, amma ko ƙuda ba ya korewa da shi.

Mahaifiyarta ta rasu, yayyenta mata suna gidajen aure a Kano da Katsina. Ita ce auta, ita ta ajiye takardar shiga kwalejin ilimi ta zauna. Ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu da cokali, ita ke kunna masa karatun Alƙur'ani kowace safiya. Duniyarta ta dawo tsakanin ɗakinsa da madafa da igiyar shanya.

"Ina so in san ko yana ciki," in ji ta. "Ko yana ji na. Na ce ko wannan zai tashe shi."

"To ga shi ya gyaru. Ki kai masa."

Ta girgiza kai. Ƙanin Babanta, Baffa Lawal, malami ne mai almajiran ilimi, kuma sashensa ne a bakin zaure. Ya riga ya faɗa cewa mara lafiyan da ke bakin gaɓa ba kiɗan Turawa ya kamata ya ji ba. Fitar da garmahon ma da kyar ta yi, balle a kunna shi a gidan.

"Bar shi a nan," in ji Ikrima. "Zan juye miki shi a kaset. Ina da ƙaramar rediyo mai abin sawa a kunne, ba wanda zai ji sai shi. Ki ba ni lambarki, in ya kammala in sanar da ke."

Gaskiya ne yana bukatar lambar saboda aikin. Amma shi kansa ya san ba aikin kaɗai ba ne.

A gidan su Fadila, sabis ba ya kamawa sai a kusa da rumbu, kuma sai ta hau kan turmi. A nan saƙonsa na farko ya same ta.

"Salam Malama. Na saurari faifan duka sau shida. Ta biyu a gefen farko akwai agogo a ciki, na fita waje ina neman mai agogo. Mutanen nan ba su da hankali, amma na fara son su."

Ta amsa: "Injiniya, kada ka sake kwance lasifikar."

Washegari ya sake turo wani: "Autar Baba, na gane abin da ya sa ba su yi kasuwa ba. Waƙarsu ba ta mai sauri ba ce, sai wanda aka tsare a wuri ɗaya yake jin ta. Ni ma shekara tara ina shagon da bai fi tabarma biyu ba. Kin ci abinci?"

Ta daɗe a kan turmin tana karanta wannan. Tun da Baba ya kwanta, kowa lafiyarsa yake tambaya. Ba wanda ya taɓa tambayar ko ita ta ci abinci.

Kafin sati biyu ya fara zuwa zance bayan la'asar. Yana zama a dakalin zaure, ita a bakin ƙofar ciki, kunnenta ɗaya yana wurin tarin Baba. Ranar da ya faɗa mata yana son ta, ƙasa yake kallo, yana murza wani ƙaramin sukurudireba.

"Fadila, ni ban iya tsara magana ba. Ina son ki, kuma aure nake nufi. Akwai gidan haya a tsallaken lungun nan, ko tari Baba ya yi za ki ji."

Ta ɗago kai ta dube shi.

"Ni ma ina son ka, Injiniya. Amma ka san wani abu. Yayyena duka Baba ne ya ba da su da bakinsa, kuma ya ce ni ma shi zai ba da ni. Ranar da na yarda Baffa ya tsaya a madadinsa, na yarda ke nan Baba ya tafi. Ba zan yi aure ba sai shi ya ce ya yarda."

"Mutumin da ba ya magana, Autata?"

"Shi ya sa nake jiran kaset ɗinka."

Daga ranar Ikrima ya ɗauki kaset ɗin nan kamar sadakinsa ne. Ya wanke faifan da ruwan sabulu da auduga. Da ya zo Waƙar Taga, ya naɗi farkonta har wurin maƙalewa, ya naɗi ƙarshenta daban, ya zaro zaren kaset ɗin ya yanke da reza, ya haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce. Sau huɗu yana yi kafin ya gamsu. A na ƙarshe waƙar ta wuce sumul, ba wanda zai ce ta taɓa tuntuɓe. Ya kai mata yana ji da kansa.

Saƙonta ya zo washegari da hantsi.

"Na sa masa sau uku. Yana kallon rufi kawai. A tsakiyar Waƙar Taga ma rufe ido ya yi. Injiniya, ina jin Baffa ya yi gaskiya. Ba kowa a ciki."

Ya kira ta, ba ta ɗauka ba. Tana zaune a ƙasa kusa da gadon Baba, ta jingina kai da katifa, tana kuka ba sauti. Ba ta taɓa jin ɗakin ya yi mata ƙunci irin na ranar ba. Ba za ta iya tafiya ba, kuma wanda ta zauna dominsa bai san tana nan ba.

Akwai kuma Jafaru. Dillalin shanu ne a kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, ɗalibin Baffa Lawal, mai sabon babur da farar shadda. Shekara guda yana neman Fadila, tana ba shi amsar da ta ba kowa. Ba mugu ba ne, amma ganin mai gyaran rediyo a dakalin da shi aka hana shi zama ya ƙona masa rai. Ya kai rediyonsa gyara da gangan, ya ga kwalin mai samari huɗu a kan tebur, ya kai labari inda ya san zai yi aiki.

Baffa Lawal da kansa ya zo shagon. Dattijo ne siriri, mai magana a hankali, irin wanda ba ya bukatar ɗaga murya.

"Yaro, an ce kayan yayana suna wurinka."

"Suna nan, Allah gafarta Malam."

"Ba ni faifan."

Ikrima ya durƙusa. "Ku gafarce ni. Amana ce aka kawo mini, ba zan iya ba da ita ga wanda bai kawo ba. Amma na yi muku alkawari, ba zai shiga gidanku ba sai da izininku."

Baffa ya dube shi na ɗan lokaci. "Na karɓi alkawarinka. Kai ma kada ka sake shiga zaurena. Yarinyar nan tana cikin jarrabawa, kai kuma kana ƙara mata da buri marar amfani. Yayana ya riga ya yi nisa. Abin da ya rage mana shi ne mu raka shi da ambaton Allah."

Kafin Ikrima ya rufe shago, Jafaru ya riga ya tsaya a zaure ya gaya wa Fadila cewa an gama magana, mai gyara ya sallama wa Baffa faifan don a ba shi aure. Rabin abin da ya ji ya faɗa, rabin ya cike da son ransa.

Saƙonta gajere ne. "Abu ɗaya Baba ya mallaka da yake nasa shi kaɗai, ka sayar da shi don ka same ni. Ba ka same ni ba. Kada ka sake kira na."

Ya rubuta amsa sau biyar, ba wadda ta shiga. Ta kashe wayar ta jefa cikin kwalla.

Sati uku suka wuce. Damina ta kankama. Fadila ta daina hawa turmi, Ikrima ya rame har abokan kasuwa suna tambayar ko ciwon shawara ne ya kama shi.

Wata Laraba da azahar aka tsuge da ruwa, kasuwa ta watse. Ya ja ƙofa, ya ɗora faifan, ya ci gaba da ɗaure wayar wata rediyo. Sarewa ta wuce, murya ta shigo, allura ta maƙale. Hannunsa ɗaya yana riƙe da ƙarfen dalma, ɗayan da waya, sai ya bar ta. Uku, ta koma. Uku, ta koma. Ya ji yatsansa yana ƙaiƙayi. Ya ji duk jikinsa ya karkata wajen garmahon, kamar yaro yana kuka a kusa da shi. Bai san lokacin da ya saki wayar ya zungure ta ba.

Sai ya tsaya yana kallon yatsan nasa. Shi da ya san faifan wata biyu kacal ke nan. Ina ga wanda ya yi shekara talatin da biyar yana kai hannu a daidai wurin nan? A duk waƙar, wuri ɗaya ne ake bukatar Malam Sama'ila, kuma shi Ikrima ya sa reza ya yanke wurin, ya shafe da jan farce, ya kai wa mutum yana jiran yabo.

Bai jira ruwan ya tsaya ba. Ya iske Baffa Lawal a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya durƙusa a cikin taɓo ya faɗi abin da ya gano.

"Ba kiɗa na zo roƙo ba, Allah gafarta Malam. Minti biyar nake roƙo, a gabanku. Ni na ɓata gwajin farko da iyawata."

Baffa ya daɗe yana jan carbi. Da ya yi magana, ba Ikrima yake kallo ba.

"Na san wurin. Ina yaro na taɓa kai hannu zan tura masa, ya buge mini yatsu. Ya ce nan nasa ne." Ya numfasa. "Gobe da hantsi. Amma ka ji sharaɗina. In bai motsa ba, kai za ka fasa faifan da hannunka, ka kuma fita harkar yarinyar nan, ta huta da jira."

Ikrima ya sunkuyar da kai. Ya ce ya yarda.

Da Fadila ta ga Baffa ya shigo tsakar gida, Ikrima a bayansa ɗauke da kwandon wankinta, sai ludayin da ke hannunta ya faɗi. Ta ga kwalin mai samari huɗu a saman kaya, lafiyarsa ƙalau. Ta dubi Ikrima, kunya da murna suka haɗu suka rufe ta.

Ya ajiye garmahon a kan kujera, dab da gefen hagu na gadon. Ya ɗaga hannun Malam Sama'ila a hankali ya ɗora a bakin akwatin. Tsohon yana kwance, fari fat da furfura, idonsa a rufi. Baffa ya tsaya a bakin ƙofa, bai zauna ba.

Sarewa ta fara. Jita ta taso daga hagu ta koma dama. Mutumin bene ya fara ba da labarin tagarsa. Ba abin da ya motsa a fuskar Baba.

Allura ta maƙale.

Hannun Fadila ya tafi da kansa. Ikrima ya tare shi da gefen kwalin.

"Bari, Autata. Ba naki ba ne."

Uku, ta koma. Uku, ta koma. Sau goma. Sau ashirin. Sautin da yake da daɗi ya zama azaba, ɗakin ya cika da shi har numfashi yana wuya. Fadila ta cusa gefen hijabi a baki. Ikrima yana kallon faifan yana juyawa, yana tunanin yadda zai ji a hannunsa in ya karye.

"Ya isa haka," in ji Baffa. Ya taka ƙafa ɗaya cikin ɗakin.

A lokacin girar Baba ta haɗe. Irin haɗewar da 'ya'yansa suka sani, ta mutumin da aka bar masa aiki a karkace. Idonsa ya sauko daga rufi. Yatsunsa suka yi rawa a kan katako, suka ja jiki kaɗan, suka tsaya, suka sake ja. Ɗan manuninsa ya miƙe, ya kuskure, ya dawo. Sannan ya zunguri hannun allurar.

Waƙar ta buɗe. Ganguna da ogan da muryoyi huɗu suka cika ɗakin, hawaye kuma ya gangaro daga idon Baba ya shige cikin kunnensa.

Baffa Lawal ne ya fara kaiwa bakin gadon. Ya durƙusa, rawaninsa ya goce bai gyara ba.

"Yaya. Ashe kana ji na? Duk shekara biyun nan ina magana a kanka kamar ba ka nan. Ka yafe mini."

Ikrima ya ɗage allurar, ɗakin ya yi tsit. Baffa ya share fuska, ya dawo da muryarsa ta malami.

"Yaya, ga autarka. Ga yaron da yake neman ta, Ikrima sunansa. Na gwada shi, yana riƙe amana. Ta ce ba ta aure sai da yardarka. In ka yarda, ka nuna mana."

Fadila tana durƙushe, hannunta a kan katifa kusa da nasa. Baba ya daɗe yana kallonta. Ya dubi saurayin da ke tsugune da taɓon jiya a wandonsa. Sannan yatsan nan ya sake miƙewa, ya sami bayan hannunta, ya zungure shi sau ɗaya, a hankali, wajen da Ikrima yake.

Ta kifa kai a kan hannunsa ta yi kukan da ta shekara biyu tana haɗiyewa.

Da yamma ta tono wayar daga kwalla ta hau turmi. Saƙonni biyar suka shigo a jere, ba ta tsaya karanta su ba ta rubuta nata.

"Injiniya, na zalunce ka. Ka yafe mini. Ka ci abinci?"

"Na yafe tun kafin ki tambaya, Autata. Ban ci ba. Sati uku ke nan ina jiran wadda za ta tambaye ni."

Bayan kaka aka ɗaura aure. A ɗakin Baba aka yi, don Baffa ya ce ba a barin waliyyi a baya. Shi ya karɓi wakilci, amma sai da ya juya ya tambayi yayansa a gaban shaidu, yatsan kuma ya ɗaga. Jafaru ya zo, ya tsaya daga waje, ya nemi gafarar ango kafin a watse. Amarya ta tare a gidan tsallaken lungu, da sabuwar shekarar karatu kuma ta koma kan takardarta ta kwaleji, yayyenta suka karɓi kwanakin jinya a tsakaninsu.

Baffa Lawal bai canza ra'ayinsa a kan kiɗa ba, kuma ba wanda ya nemi ya canza. Karatun safe yana nan yadda yake. Sai dai duk ranar Laraba da hantsi yakan ɗauki buzunsa ya ce zai je duba wani littafi a masallaci, kuma ba ya dawowa sai an kira azahar.

Baba bai sake magana ba, amma yanzu da hannunsa yake shan kunu. Ikrima kuwa ya gyara rediyon rabin garin Daura, faifai ɗaya ne ya rantse ba zai taɓa gyarawa ba. In allura ta maƙale, shi da matarsa sukan naɗe hannu su jira mai wurin.

Allah ya ƙara wa Malam Sama'ila sauƙi, ya saka wa Baffa da alheri. Fadila da Ikrima kuma Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuriya mai jin ƙan iyaye, ya sa duk inda rayuwa ta maƙale musu a sami hannun da zai tura. Amin.